Muryata Ta Riga Ni Zuwa Maga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Marwa lafiya, kin tarar da Kawunki Bello da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya sa karatun malantar da kika je yi ya zama alheri gare ki da yaran da za ki koyar. Na ce wa mamanki ta cusa wannan takarda a ƙarƙashin zannuwanki, don na san halinki, ba za ki kai ƙasan jakar ba sai kin yi barci kin ƙoshi.

Na san za ki yi dariya. Ga mutum da waya a aljihu, ya zauna yana fama da biro kamar ɗan makaranta. To, maganar da zan yi miki a kan wayar ce, shi ya sa ban ba ta riƙon amanar ba. Ina rubutu ne a shago, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafin Garwa ke kwantar da kasuwa. Maƙwabcina mai takalma ya rufe fuska da hula yana minshari. Atamfofin nan da ke rataye ko motsi ba sa yi. A irin wannan lokaci ne tunani ke ɗauke ni ya kai ni bakin kogi, kuma ko yaushe na je can, mutum ɗaya nake tararwa, Baffanki Umaru.

Ba ki san shi ba, kina goye a bayan mamanki ya tafi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu 'ya'yan fatake ne, kakanmu daga Kano ya zo da kayansa ya zauna a nan, kuma tun daga shi babu namiji a gidanmu da bai riƙe sandar awon yadi ba. Umaru ne kaɗai Allah ya halitta da son ruwa. Da an ɗan kau da ido, sai ya sulale ya gangara Binuwai, ya zauna ƙarƙashin gada wajen masunta, yana kallon jiragen kwale-kwale da dorinar da ke ɗago kai can tsakiya. Ya dawo da yamma idanunsa na walƙiya, rigarsa na ƙarni. Yadi kuwa kin san shi da ɗaukar wari. Wata rana Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce masa a gaban masu ciniki, "Ɗan gidan nan ba ya ƙarnin kifi. Ka zaɓa, ko shago ko kogi." Umaru yana riƙe da wata atamfa shuɗiya. Ya ninke ta a hankali, ya daidaita bakinta, ya mayar da ita kan kanta, ya sa takalmi ya fita. Ina tsaye a wurin da sanda a hannu, ina cewa a raina zai dawo cin tuwo. Baba ya rasu bai dawo ba. Inna, kakarki, ta tsufa, idanunta sun dushe, har yau in aka taɓa ƙofar zaure sai ta ɗaga kai. Abin da nake so a duniya bai wuce ta taɓa ɗanta kafin ta koma ga Allah ba.

Kin tuna ranar da na fara neman sa a intanet? Kina lise, wato sakandare, a lokacin, kin dawo da rigar makaranta kin tarar da ni na haɗa gumi a kan sabuwar wayata. Na rubuta a gurbin bincike, "Assalamu alaikum, don Allah ina cigiyar ƙanena Umaru, baƙi ne dogo, ya bar gida da daɗewa, mahaifiyarmu ta tsufa." Abin ya kawo mini waƙoƙin biki, da wani mai sayar da turare, da wani ɗan ƙwallo. Kika yi ta dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "Baba, ai ba ta amsa sallama." Sannan kika karɓa kika nuna mini: suna, sana'a, gari, shi ke nan. Kika ce in gwada da Faransanci, don mutanen ƙasar nan da shi suke rubuta abin da suke so a gani.

Wannan darasin naki ne, ina mayar miki da shi don ku yara kukan manta abin da kuka koya wa iyayenku. Kafin ki taɓa waya ki tambayi kanki me kike nema, ki rage shi ya zama 'yan kalmomi. In ba ta ba ki ba, kada ki yi fushi, ki sauya kalmomin, ki sauya harshen, ki ƙara sunan gari ko shekara. Kuma kada ki tsaya a kan abin da ya fara fitowa. Shagon da ke bakin ƙofar kasuwa ba lalle ya fi na ciki kaya masu kyau ba, wuri ya samu, wani lokaci ma saye ya yi. Ki gangara ƙasa, ki buɗe na biyu da na uku, ki ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Da na koyi tambaya sai na sami hoton. Wani mutum ne a tsaye cikin kwale-kwale da sassafe, ya ba da baya, yana shirin jefa birgi, wato komar da ake wurgawa, ruwan ya yi ja saboda fitowar rana. A ƙasa an rubuta Lagdo, garin nan na bakin tafki da ke kudu da mu. Ummi, wallahi kafaɗun Umaru na gani. Yadda yake ɗan karkata wuya hagu in yana tunani, shi na gani. Na yi makonni ina buɗe hoton nan in ciniki ya lafa. Ina kallonsa har ruwan ya fara motsi a idona, har in ji kamar in na yi gyaran murya zai waiwayo. A raina na gina masa gida a bakin tafkin, da katangar zana da bishiyar mangwaro, na aurar da shi, na ba shi 'ya'ya, har sunaye na raɗa musu. Ban gaya wa kowa ba, don daɗin abin ya fi ƙarfin in raba shi da wani.

Ranar wata Lahadi na rufe shago na shiga mota, na sauka Ngong, na hau wata zuwa Lagdo. Na bi bakin ruwa ina nuna wa masunta bayan mutum. Wani dattijo ya karɓi wayar ya juya ta, ya dube ni cikin tausayi, ya ce da Fulatanci cakuɗe da Hausa, "Jam na, Alhaji? Mu ba mu da irin wannan jirgi a nan. Kuma wa yake gane mutum ta ƙeya?" Na dawo gida da ƙura a gashin ido. Ke ce kika lura ban ci abinci ba, kika matsa har na nuna miki. Sai kika yi wani abu da ban san ana yi ba, kika ba wa na'urar binciken hoton kansa, kika ce ta nemo inda ya taɓa fitowa. Ga shi nan a shafuka barkatai. A wani wuri an ce tafkin Chadi ne, a wani an ce wata ƙasa ce can gabas, wani ma ya sa shi a tallar otal. Mutumin nan da na raɗa wa 'ya'yansa suna, Allah kaɗai ya san ɗan wace ƙasa ne.

Ki ji ni da kyau. Hoto ba ya zuwa da sunansa, mutum ne ke rubuta masa, kuma mutumin na iya zama bai taɓa taka wurin ba. Amma ban ɗora wa mai rubutun laifi duka ba. Idona ne ya je da abin da yake so ya gani. Duk ranar da kika ci karo da wani labari kika ji zuciyarki ta yi tsalle tana cewa dama na sani, to ranar ce za ki ƙara zama ki duba. Labarin da ya ɓata miki rai ba sai an ce ki bincike shi ba, da kanki za ki yi.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma kin ga ƙarshensa da idonki, farkonsa ne ba ki gani ba. Muna da guruf na 'yan kasuwar yadi a waya, inda ake turo farashi da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Wata safiya Alhaji Ɗanjuma, wanda shagonsa ke layin bayanmu, ya turo saƙon murya. Wani mutum ne ke magana, a natse, da Hausar Kano tsantsa, irin wadda rabona da jin ta tun Baba na raye. Ya yi salati, ya ce jirgi ya kife da masunta, an tsamo wani bawan Allah mai suna Umaru, an ce ɗan Garwa ne, ana cigiyar danginsa, duk wanda ya ji ya tura gaba don Allah.

Ina so ki gane abin da ya kama ni, don ke ma jininmu ce, zai iya kama ki. Mu Hausawan Garwa da Fulatanci muke ciniki, da Faransanci muke sa hannu a ofis. Hausa sai an shiga gida an cire takalmi. Da ita uwa ke rarrashi, da ita ake faɗa mana mutuwa. Saboda haka in muka ji ta daga waje, musamman mai kyau irin ta mutanen can, sai mu ji kamar ɗan'uwa ne ya yi sallama. Da saƙon nan da Faransanci ya zo, da na ɗaure fuska na ce wane ofishi ne ya fitar. Da Fulatanci ne, da na ce wa ya faɗa, a wace unguwa. Amma ya zo da muryar da ta yi kama da ta ubana. Har yadda yake jan "innalillahi" irin na Baba ne. Ban tambaye shi komai ba, na buɗe masa ƙofa ya shige har ɗaka.

Tambaya ɗaya na yi. Na zagaya wurin Alhaji Ɗanjuma na ce, "Alhaji, wa ya turo maka?"

Ya ce, "Wallahi haka na same shi a wani guruf. Amma ai kowa na ta turawa, tun asuba ya shigo mini ta wuri huɗu."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na ce abin da ya zo ta wuri huɗu ai ya tabbata. Ban tsaya na ga cewa murya ɗaya ce ta bi hanyoyi huɗu ba. Ban lura mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi kogin ba, bai faɗi rana ba, bai bar lambar da dangi za su kira ba. Mai cigiya na gaskiya ai abu na farko da yake bari shi ne inda za a same shi.

Na koma gida na durƙusa gaban Inna na gaya mata. Ba ta yi kuka ba a lokacin, ta ce a ba ta carbinta. Daga nan na fita zaure na latsa wayata na yi tawa sanarwar, da bakina, da sunana da sunan gidanmu. Na ce Allah ya yi wa ƙanena Umaru rasuwa a ruwa, za a yi masa sallar ga'ib bayan la'asar, ana zaman makoki a gidan marigayi mahaifinmu. Na tura wa duk wanda na sani. Kin ga yadda aka cika, har daga Poli da Ngong mutane suka zo. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, ranar uku aka yi addu'a aka raba gumba. A kwanakin nan na ji wani irin sauƙi da nake jin kunyar faɗa, don jira ya ƙare, na san inda zan ajiye shi a zuciyata.

Ke kaɗai ce ba ki natsu ba. Kina ta latse-latse a lungu har mamanki ta yi miki tsawa. Bayan an watse kika zo kika ce, "Baba, na duba shafukan jaridu da na gidajen rediyo, na nan da na Najeriya, babu wanda ya ce jirgi ya kife a makon nan." Na ce miki talaka in ya nutse ba a buga shi a jarida. Ban so in ji ba. Sai da wani abokin cinikina ya zo daga Kuseri yi mini ta'aziyya a makare, na kunna masa saƙon, ya saurara, ya dafe kai. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ya shekara da shekaru yana yawo. Tun kafin in aurar da 'yata ta fari na ji shi. An ma ce an sami dangin mutumin tuni." Umaru nawa ne a Garwa, Ummi? A layinmu kaɗai akwai uku.

Don haka duk abin da ya shigo wayarki, ko da muryar wa ya zo, ki yi masa tambayoyin da ake yi wa baƙo. Daga ina? Wa ya fara faɗa, kuma yana wurin ko shi ma ji ya yi? Yaushe aka yi? Abin da ba shi da rana a jikinsa ki ɗauka tsoho ne har sai an nuna miki sabo ne. Ki nemi wani dabam da ya faɗi abin ba tare da ya kwafo daga na farko ba. In kuma aka ce miki tura da sauri don Allah, ki ajiye wayar ki sha ruwa tukuna. Sunan Allah ba ya sa ƙarya ta zama gaskiya, kuma masu ƙarya sun san muna jin nauyinsa. Wannan ya shafi karatunki ma. Rubutu mai daɗin karantawa da shafi mai ado ba su ne shaida ba, ki duba wa ya rubuta, me ya sani a kan abin, me zai samu in kin yarda.

Ranar da na koma gaban Inna na ce mata ba mu da tabbas, na fi jin nauyi a kan ranar farko. Ta ce, "Ka kashe mini shi, na haƙura. Yanzu kuma ka ce in tashe shi in ci gaba da jira?" Ta juya fuska bango. Tun daga ranar, in na shiga da waya a hannu sai ta ce in bar ta a waje.

Daga nan na faɗa kuskure na uku, wanda ba a cika gargaɗin mutane a kansa ba. Na daina yarda da komai. Aka ce ana rigakafi a asibiti, na ce ƙarya ce. Aka ce ruwa ya cinye hanya, na ce hoton tsoho ne, har sai da direba ya dawo mini da kaya. Na zama irin tsofaffin nan da ke taɓe baki a kan kowace magana suna jin su masu wayo ne. Wannan ma lalaci ne, 'yata. Mai yarda da komai da mai ƙin komai duk ba sa son wahalar dubawa, kuma ni na yi zama a gidajen biyu.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Na ɓoye miki ne don kina tsakiyar jarrabawa. A damanar da ta wuce, wata rana irin wannan, kasuwa na barci, hannuna ya sake rubuta 'yan kalmomin nan da kika koya mini, na ƙara da gyaran koma, don na tuna yana da hannun ɗinki. Can ƙasa, bayan na wuce manyan shafuka, na ga wani ɗan shafi na ƙungiyar masunta a Maga, can bakin wani tafki gaba da Marwa. Ba shi da kyan gani, Faransancinsa ma duk a karye. Akwai hoton mutane zaune a inuwa suna gyaran koma, an ce wani Umaru da ake kira Ɗan Garwa ne ke koya wa matasa. Fuskarsa ba ta fito sosai ba, furfura ce dai da hula. Na kusa wucewa, na ce wani Umarun ne kuma. Sai na ce to, bari in yi masa irin na Ummi.

Na ba na'ura hoton, ba ta same shi ko'ina ba sai a shafin nan. Na koma baya a shafin, na ga ya daɗe, suna sa labarin taronsu da na cikar ruwa, kowanne da ranarsa, fuskokin nan dai su ne ke dawowa rani da damina. Akwai lambar sakatarensu. Na kira, ya faɗi sunansa, ya ce wa ke magana, me nake so da mutumin. Tambayar da ya yi mini ta kwantar mini da hankali, don mai damfara ba ya tsare ƙofa haka. Ban ba shi kamannin Umaru ba, kada ya mayar mini da maganata. Na ce shi ya gaya mini ko mutumin yana da wata alama. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa." Ƙofar shagon nan da nake zaune ce ta datse shi yana yaro, ni na kai shi wurin mai ɗori.

Duk da haka ban gaya wa kowa ba. Na sami Hajiya Dudu, mai saro shinkafa daga Maga, wadda ba ta san sakataren ba, na roƙe ta ta je ta duba mini da idonta. Ta je, ta same shi, ta gaishe shi, ta ce daga wurin yayansa take. Da ta dawo ta zauna a kan bencin nan ta ƙi shan ruwan da na ba ta.

Ta ce, "Alhaji, shi ne. Yana nan da ransa, yana da mata da 'ya'ya. Na miƙa masa waya ya yi magana da kai, ya mayar da hannunsa baya."

Na ce, "Har yanzu fushin Baba ne?"

Ta ce, "A'a. Ya ce wannan ya wuce tuni, har ya yanke shawarar zuwa gida da wata babbar salla. Sai wata rana wani mai sayen kifi ya kunna saƙo a bakin ruwa, ya ce ku ji, wani ɗan garinku ya rasu. Umaru ya ce tun daga sallamar ya gane muryarka. Ya tsaya da koma a hannu ya saurari sanarwar mutuwarsa har ƙarshe, har da lokacin salla."

Ta ci gaba, "Ya ce in gaya maka, tun da an yi masa salla an raba gumba, Inna ta yi kukanta ta gama, me zai je ya yi? Ya tsorata tsohuwa? Ya ce shekarun nan duka babu wanda ya zo neman sa, amma labarin mutuwarsa bai kwana ba aka yarda."

Ummi, wannan ta shige ni. Na neme shi, Allah shaida ne, amma shi bai ga neman ba, sanarwar ya ji. Abin da na tura da yatsa ɗaya ya yi tafiyar da ni ban yi ba, kuma har yau yana tafiya. Ba ni da hanyar kiran sa ya dawo. Kafin ki tura komai, ki ɗauka wanda maganar ta shafa yana cikin masu saurare.

Na bar wayar a zaure na shiga wurin Inna na gaya mata komai, da shafin da yatsan da Hajiya Dudu. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ita mai shinkafar, ta ci abinci da shi?" Na ce a'a, ganin sa ta yi. Ta ce, "Gani? Ni da ba ni da ido ma kullum ina ganin sa. Ba na son hoto, ba na son murya. Wani daga jinina ya je ya zauna, su sa hannu a kwano ɗaya, ya dawo in riƙe hannun. Sannan zan yarda." Ban ga laifinta ba, na taɓa kawo mata labari na karɓe.

Ni ba zan iya zuwa ba, muryata ce abin da ba ya son ji. Ke kuwa Allah ya kai ki Marwa, Maga ba ta da nisa daga can. Na yi magana da Kawunki Bello, zai raka ki duk ranar da babu karatu. Kada ki kira kafin ku je, kada ki ɗauki hotonsa, ki bar wayar a jaka. Ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe shi yadda ake gaida uba. In ya tambayi sunanki kada ki ce Ummi, ki faɗi na yanka. Sunan uwarsa ne aka sa miki, ban san ɗan da zai bar mai sunan uwarsa a tsaye a rana ba. In an kawo abinci ki ci, ko ba kya jin yunwa, ko kifin ya yi miki ƙarni. Kada ki roƙe shi ya zo, ki dai gaya masa abin da kika gani da idonki a gida: Inna na nan da rai, tana ɗaga kai in an taɓa ƙofa. In ya biyo ki da hutu, alhamdu lillahi. In bai biyo ki ba, ki kawo mata hannunki.

Idan kuma ya tambaye ki ni, kada ki kare ni, kada ki ƙawata. Ki ce masa yayansa ya ji magana bai bincika ba, ya faɗa wa duniya, kuma tun ranar bai ƙara jin daɗin muryarsa ba. Wannan labarin za ki iya ba da shi ba tare da tsoro ba, daga bakin mai shi kika ji.

An kira la'asar, mai takalma ya farka yana neman butarsa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya tsare ku a mota da bakin ruwa. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da abokai na kirki, ya sa kunnenki ya riga bakinki. Allah ya tausasa zuciyar Baffanki, ya ara wa Inna kwana har ta riƙe abin da take jira. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Kawunki da mutanen gidansa.

Na bar ki a hannun Wanda ba ya barci.

Babanki,
daga shago, Garwa.